Taki ɗaya daga kan batir

Duk wanda ya taɓa tuƙin dare a kan babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi, ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa ta shigo Tasawa, ba ya tambayar abin da ke sa direbobi ƙara wa motocinsu fitila. Ita ce hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda motocin safa da tireloli ke bi zuwa Damagaram, amma kuma ita ce hanyar amalanken shanu da ke dawowa daga gona bayan magariba, ɗauke da kara, ba ko ƙyallin gwangwani a bayansa. Jaki yakan tsaya tsakiyar kwalta bai san da zuwan kowa ba. Babbar mota in ta lalace, rassan itace ake jerawa a bayanta, kuma sai ka zo dab da su kake ganinsu. In ka sauka daga kwalta ka nufi Urafan ko Korgom, ko ka shiga ƙasar Mayahi wajen Kanambakashe da kwarin Gulbin Kaba, to yashi ne da kututturen goruba da ramukan da damina ta bari. Motocin kuwa yawancinsu sun sha aiki a Turai kafin su iso nan, gilashin fitilunsu ya dushe, haskensu ya koma ja-ja.

Saboda haka fitilun ƙari suka samu kasuwa. Akwai dogayen nan na LED da ake ɗaurawa a kan rufi ko gaban bamba, akwai ƴan zagaye da ake sawa biyu-biyu. Daga Sin ake ƙero su, su biyo ta Kano ko Maraɗi, kuma kuɗinsu ya sauko har mai kabu-kabu ma yana iya saye. Ɗaura su ba wuya: noti biyu ne da waya biyu. Kowane yaro mai filaya zai iya sa su kama cikin ɗan lokaci, mai mota ya ga haske ya yi murna. Aikin da nake yabo shi ne na mutumin da bai ɗauki kamawar fitila a matsayin ƙarshen aiki ba, wato gwanin wayarin mota, wanda yawancin wahalarsa tana ƙarewa a wuraren da mai mota ba zai taɓa leƙawa ba.

Irin wannan gwani ba ya fara da waya. Da tambaya yake farawa: ina kake zuwa da motar nan, dare nawa kake yi a hanya, me da me aka riga aka ƙara mata? Sannan ya ɗaga murfin inji ya ɗora mita a kan batir. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In an tada inji, ya kamata allura ta hau tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta tana caji. In bai ga haka ba, zai faɗa wa mai mota gaskiya, cewa matsalarsa ba ƙarancin fitila ba ce, kuma ƙara wa wannan mota kaya zai bar shi a daji ne da mataccen batir. Altanetar ƙaramar tsohuwar mota amper 60 zuwa 90 take bayarwa, kuma inji da fanka da fitilun asali sun riga sun ci rabonsu a ciki.

Daga nan sai lissafi, wanda da yawansu da ka suke yi. Ana raba wat ɗin fitila da bolt ɗin mota, abin da ya fito shi ne amper da za ta ja. Fitila mai wat 120 a motar bolt 12 tana jan amper 10. Ƙwai biyu masu wat 55 kowanne sun tashi wat 110, amper 9 ke nan da ɗan ɗori. Sai dai gwani ba ya yarda da abin da aka rubuta a kwali. Yakan jona fitilar a batir ta cikin mita ya ga abin da take ja da idonsa, domin ba abin mamaki ba ne a rubuta wat 300 a kwali, mita ta nuna amper 5 ko 6. Wannan lambar da ya auna ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya: kaurin waya, girman fis, irin rele.

Kafin ya taɓa komai, sai ya ɗauki sifana mai lamba 10 ya kwance baƙin kan batir, mai alamar −, ya kautar da shi gefe. A cikin kawunan batir biyu, baƙin ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, kuma dalilin haka shi ne mabuɗin fahimtar aikin gaba ɗaya. A mota, wuta tana fita ta jan kai, mai alamar +, ta bi waya zuwa fitila, amma ba ta buƙatar wata doguwar waya ta dawowa. Jikin motar ne hanyar dawowarta. Baƙin kan batir a ɗaure yake da ƙarfen mota, don haka inji da shasi da ƙofa da kowane noti duk mas ne. Ma'anar wannan ita ce duk inda jar waya ta bi, abokin haɗuwarta yana kewaye da ita ta kowane gefe, kuma ba abin da ya raba su sai ƴar robar da ta lulluɓe ta. In sifana tana kan jan kai ta goga jikin mota alhali baƙin yana ɗaure, tartsatsi ne zai tashi, har ƙarfen ya manne. Shi ya sa za ka ga tsofaffin masu sana'ar ba sa aiki da zobe ko agogon ƙarfe a hannu, kuma ba sa barin kowa ya kunna sigari kusa da batir, saboda iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta.

Mutane suna raina bolt 12 don ba ya jan mutum. Gaskiya ne, za ka riƙe kan batir biyu da hannu ba ka ji komai ba. Amma wannan batir ɗin shi ke ba da ɗaruruwan amper cikin ƙiftawar ido don juya inji, kuma ba shi da hankalin da zai bambanta sitata da wayar da ta goge ta taɓa ƙarfe. In hakan ta faru, duk ƙarfinsa zai tura ta cikin wayar da aka yi don amper 10. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya daidai da wutar da ke binta: in wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu, in ta ninka goma, ya ninka ɗari. Cikin ƴan daƙiƙoƙi wayar za ta yi ja tun daga kan batir har inda ta taɓa, robarta ta narke ta kama, ta kunna wa maƙwabtanta. Kashe mota ba ya tsayar da ita, domin wayar ba ta bi ta makulli ba. A motar haya mai ɗauke da mutane da buhuna, wani lokaci har da jarkar mai a baya, a tsakiyar daji, mutum ba ya son ya ƙarasa tunanin abin da zai biyo.

Maganin wannan duka ɗan abu ne da bai kai kan babban yatsa ba. Fis ƴar siririyar tutiya ce a cikin gidan roba, an yi ta da gangan ta zama mafi rauni a duk layin, don in wuta ta wuce kima ita ce za ta narke ta yanke hanya kafin waya ta yi zafi. Kowa ya san wannan. Abin da ba kowa ya sani ba, kuma a nan ake gane gwani, shi ne inda ake sa shi. Da yawa suna ɗauka fis yana tsare fitila ne, sai su maƙala shi can kusa da ita, ko a ƙarƙashin sitiyari kusa da makunni inda hannu zai kai. Fis waya yake tsarewa, kuma abin da ke bayansa kawai yake iya tsarewa. Duk tsawon wayar da ke tsakanin jan kan batir da fis tsirara take, ba mai ceton ta. In fis yana can mita biyu daga batir, to akwai mita biyu na waya mai rai dare da rana, tana bi ta gefen inji, tana gogar ƙarfe a kowane rami, kuma in ta haɗu fis ɗin zai zauna lafiya lau yana nan bai san abin da ake ciki ba. Don haka gwani yake sa shi dab da batir, taki ɗaya ko ƙasa da haka. Masu ƙera jiragen ruwa a Amurka sun rubuta wannan a ƙa'idarsu, inda suka ce kada ya wuce inci 7, kimanin santimita 18. Mai wayarin Tasawa da yatsunsa yake aunawa, kuma awonsu ɗaya. Wannan ɗan guntun da ya rage ba fis, shi yake ba kulawar da ta fi ta ko'ina: ya zura shi cikin tiyo, ya ɗaure shi yadda ba zai motsa ba, ya tabbatar ba ya kusa da ƙarfen da ke riƙe batir.

Girman fis ma da ƙa'idarsa, kuma tsakanin iyaka biyu yake. Dole ya fi abin da fitila ke ja, don kada ya riƙa yankewa ba dalili, kuma dole ya gaza abin da waya za ta iya ɗauka, don ya riga ta mutuwa. Fitilar amper 10 fis mai 15 ake ba ta, a kan wayar da ta fi ƙarfin 15. Ana barin wannan rata ne domin fis ba ya son zama a bakin iyakarsa, balle a cikin ɗakin inji a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma ya haura digiri 40. Irin masu ƙafa biyu da ke cikin yawancin motoci yanzu, kamfanin Littelfuse na Amurka ne ya fito da su a 1976, kuma launinsu ɗaya ne ko'ina a duniya: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari garau 25, kore 30. Wannan ba ƙaramar rahama ba ce ga sana'ar da yara da yawa ke shigarta ba su yi nisa a boko ba. Yaron gareji yana sanin launukan nan tun kafin a bar shi ya riƙe mita.

A nan ne kuma ake gardama da masu mota. Direba zai zo fis ɗinsa ya yanke sau biyu a hanya, ransa a ɓace.

"Malam, ka sa mini babba mana, wanda ba ya ƙonewa."

"Alhaji, in shi bai ƙone ba, ai motarka ce za ta ƙone. Bari mu nemo abin da ke kashe shi."

Ina ganin girman mutumin da ke iya faɗin haka ga wanda zai biya shi. Sa kore a gurbin shuɗi ba ya ɗaukar minti ɗaya, kuma mai mota zai tafi yana godiya. Naɗa zaren waya a ƙafafun mataccen fis, ko cusa takardar sigari mai ƙyalli, ya fi haka ma sauƙi, kuma ana yi a kowace tasha. Gwani ya san fis ba ya yankewa don ganin dama. Shaida ce yake bayarwa cewa wani wuri waya ta goge, ko an ɗora wa layin kayan da ya fi ƙarfinsa. Sai ya ɗauki fitilar gwaji, ƙwai ɗaya da waya biyu, ya jona ta a gurbin fis ɗin, ya bi layin yana girgiza waya gaɓa-gaɓa. Inda ƙwan ya haska da ƙarfi, nan ɓarnar take. Wani lokaci aikin rabin yini ne a kan abin da kuɗinsa bai kai na shayi ba. Har fis ɗin kansa ba kowanne yake yarda da shi ba, domin akwai na jabu a kasuwa, masu launi daidai da lamba daidai, amma ƙarfen cikinsu ba ya narkewa a kan lokaci. Na ƙwarai, in wuta ta ninka lambarsa biyu, ba ya wuce daƙiƙa biyar. Shi ya sa za ka ga wasu suna tara na asali da suka ciro daga motocin da aka yanka, suna ajiye su a gwangwani, sun fi amincewa da tsohon da ya zo da mota a kan sabon da ba su san asalinsa ba.

Waya kuma sai an zaɓa. Mai kauri murabba'in milimita 1.5 tana tafiya da fis mai 15, mai 2.5 da mai 20 ko 25, mai 4 da mai 30. Amma kaurin da ake nufi na ƙarfen ciki ne, kuma a nan ƴan kasuwa ke cin mutane: roba mai kauri, zare ƴan kaɗan. Gwani yakan feɗe bakin wayar ya duba. Sai ya ɗauki wuƙa ya kankare zare ɗaya. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne na gaske. In fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyon ne aka yi wa wanka da jan ƙarfe, wanda bai fi kashi biyu cikin uku na wutar da na gaske ke ɗauka ba, ga karyewa, ga cin tsatsa a mahaɗa. Wasu ashana suke ƙyasta masa: na gaske ya yi ja ya tsaya, na jabu ya lanƙwashe ya zube. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya sanƙarau ita ma ba ta shiga mota, ko da jan ƙarfe ce tsantsa, domin an yi ta ne ta kwanta cikin bango, kuma girgizar hanyar Mayahi za ta karya ta a cikin robarta ba tare da an gani ba.

Tsawo ma yana cin wuta. Mita biyar na waya mai 1.5, in amper 10 na binta, tana cinye sama da rabin bolt kafin a kai fitila. Mai 2.5 kashi ɗaya cikin uku na bolt kawai take ci. Ga fitilar ƙwai irin ta da, asarar kashi 5 cikin ɗari na bolt tana rage haske da kusan kashi 15. Wannan lissafi ya samo asali daga dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, kuma mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba suna aiki da ita kullum a ƙarƙashin rumfar kwano. In fitilar a kan rufin Hiace za a ɗaura ta, gwani zai ƙara kaurin waya tun ba a tambaye shi ba.

Sai rele, ɗan baƙin akwati mai ƙafa huɗu ko biyar, wanda masu gaggawa ke tsallakewa don rage kuɗi. In babu shi, dole duk amper 10 ɗin su shiga cikin mota, su bi ta makunnin da ke gaban direba, su sake fitowa. Ƙaramin makunni ba ya jure haka, zai yi zafi ya narke, kuma a ƙarƙashin sitiyari inda roba da soso suka fi yawa. Mafi muni shi ne a saci wutar daga wayar fitilar asali, wadda kamfani ya auna daidai da kayanta. Ranar da ta gaji, sabuwar fitila da tsohuwa za su mutu tare, mota tana gudu. Rele yana raba aikin biyu. Babbar wuta tana tashi daga batir, ta bi fis, ta shiga ƙafa mai lamba 30, ta fita ta 87 zuwa fitila, duk a cikin ɗakin inji, gajeriyar hanya. Ƙafa 85 da 86 kuwa na wani ɗan naɗin waya ne da ke zama maganaɗisu, wanda abin da yake ja bai kai rubu'in amper ba, kuma shi kaɗai ne ke zuwa wurin direba. Kamar ƙaramin yaro ne riƙe da akalar raƙumi: ƙarfin ba nasa ba ne, amma shi ke cewa a tashi ko a durƙusa. Lambobin nan daga ƙa'idar Jamus suke. Ita ma siririyar wayar makunnin da nata ƙaramin fis, domin ƙa'idar ba ta canzawa: duk wayar da ta taso daga wuta, a tsare ta tun daga tushe.

Inda ake ɗauko wutar da ke tada rele, nan ne sana'a ke haɗuwa da tarbiyya. Gwani yakan ɗauko ta daga layin doguwar fitila, ta bi ta makunni, ta yadda fitilar ƙari ba za ta kama ba sai direba ya ɗaga doguwa, kuma da zarar ya sauke don wata mota na tahowa, ita ma ta mutu. Amfanin biyu ne. Ba za a manta da ita a kunne ta shanye batir ba, sannan ba za a makantar da mai tahowa ba. Na biyun ya fi damuna. Fitilar LED da aka ɗaura a rufi aka bar ta a kunne a fuskar mai babur zalunci ce, kuma mai ita ma bai tsira ba, domin wanda ya makantar ɗin, kansa zai nufo. Direban da ke riƙe da sitiyari a hanya mai rami ba shi da hannun neman makunni na biyu a duk lokacin da ya hango haske, don haka mai wayarin da ya haɗa su wuri ɗaya ya sauƙaƙa masa yin abin da ya dace. Akwai kuma tarko a nan. A Toyota da yawa, irin Hilux da Land Cruiser da suka cika hanyoyinmu, makunnin fitila mas yake yankewa, ba jar waya ba. Wanda bai sani ba zai jona yadda ya saba, ya tarar fitilar tana kamawa a lokacin da bai kamata ba. Gwani da fitilar gwajinsa yake tantancewa kafin ya yanka ko zare ɗaya.

In kana son ganin hannu, tsaya ka kalli yadda yake haɗa bakin waya da zoben da za a ɗaura a kan batir. Yana feɗe roba daidai tsawon bakin zoben, ba ya yanke zare ko ɗaya. Ya murza su kaɗan, ya zura, ya matse da filaya har ƙarfen ya rungume su. Sannan ya naɗe wayar a yatsa ya fizga da ƙarfi. In ta zame, ya yanke ya sake. Ba ya yarda da murɗa waya biyu a naɗe da salatif, domin zafin ɗakin inji yana narkar da danƙon salatif, ƙura ta shiga, mahaɗar ta saki. Sakakkiyar mahaɗa wuta ce da fis ba ya gani: amper ɗin ba su ƙaru ba, amma wurin yana zafi. Ƴar turjiya ta kashi ɗaya cikin goma na om, a layin amper 10, tana haifar da zafin wat 10 a wuri ɗaya ƙanƙane, kuma wannan ya isa ya gasa roba a hankali har ta yi baƙi. Shi ya sa bayan ya gama yakan bar fitila a kunne na ɗan lokaci, ya bi kowace mahaɗa da bayan yatsa. Ɗumi kaɗan ba laifi. In ya ji zafi, akwai gyara.

Hanyar da waya za ta bi ma sai ya tsara ta. Nesa da salansa, nesa da fanka da bel, ba a kan kaifin ƙarfe ba. Inda za ta ratsa bangon da ya raba inji da cikin mota, sai ta bi ta zoben roba, in babu ya yanko guntun tiyo ya sa. Ba ya jan ta tsam, yana bar mata ɗan sassauci saboda inji yana rawa a kan kujerunsa, amma kuma ba ya barin ta tana lilo. Rele yana ɗaure shi ƙafafu ƙasa, don ruwan damina da na wankin inji kada su taru a ciki. Mas kuwa, wanda shi ne rabin layin da kowa ke mantawa, sai ya nemi noti mai kauri a jikin mota, ya kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure, ya shafa ɗan giris a kai. Wayar mas kaurinta ɗaya da jar waya, tun da wutar da ta tafi ita ce za ta dawo. Fis shi ne abu na ƙarshe da yake sawa, bayan ya mayar da baƙin kan batir.

Manyan motoci bolt 24 suke, batir biyu a jere. Akwai masu satar 12 daga batir ɗaya don kunna fitila ko rediyo, abin da ke sa ɗaya ya riƙa ramewa ɗaya yana cika fiye da kima, har su mutu duka biyun kafin lokacinsu. Gwani yakan nemo fitila da rele na 24, kuma yawancin fitilun LED suna karɓar duka biyu. Babur kuwa matsalarsa ƙarancin abinci ce: batirinsa ƙarami, abin cajinsa ƙarami, don haka ƴar fitila mai wat 10 zuwa 20 ita ce daidai shi, da fis ɗinta a ƙarƙashin kujera, tun da tankin mai yana tsakanin cinyoyin mai tuƙi.

Saitin haske sai duhu ya yi. Ana tsayar da mota a fili mai daidai, ta fuskanci bango, a sunkuyar da fitilar har haskenta ya kwanta a hanya maimakon ya tashi sama. Game da lokacin hunturu, in buji ya taso, masu sana'ar suna da shawarar da direbobi ba su cika son ji ba: farin haske mai ƙarfi daga kan rufi ƙurar yake haskawa, ta dawo da shi idon direba, ya zama bai ga komai ba sai farin bango. Abin da ke aiki a ƙura shi ne fitilar da aka sa ƙasa-ƙasa a bamba, mai faɗin haske, kuma da yawa sun fi son mai ruwan ɗorawa don ba ta gajiyar da ido. Dattawan direbobi suna tuna tsofaffin Peugeot masu rawayar fitila. Doka ce ta Faransa tun daga 1937, ba a ɗage ta ba sai 1993, kuma motocin da suka zo mana daga can da ita suka zo.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake biyan wannan aiki. Mai mota yana ganin fitila, ba ya ganin fis da rele da zoben roba, don haka wanda ya yi aikin minti goma da wanda ya yi na awa uku, a idonsa abu ɗaya suka yi, har ma yana ganin na farkon ya fi ƙwarewa tun da ya fi sauri. Araha ba ta ado, amma a wannan sana'a bambancin ba ya fitowa sai bayan shekara ɗaya ko biyu na girgiza da zafi. Ina ganin haƙƙi ne a kan duk mai motar haya, wanda rayukan mutane ke hannunsa, ya buɗe murfin inji bayan an gama masa aiki, ya ɗora yatsa a kan jan kan batir, ya bi sabuwar wayar. In bai ci karo da fis ba kafin ya yi taki ɗaya, aikin bai ƙare ba, ko da fitilar tana haska har Gazawa.

Gwanayen da kansu suke nuna wa mutum wannan. Kafin ya karɓi kuɗinsa, zai kira direba ya nuna masa gidan fis ɗin, ya buɗe ya rufe a gabansa, ya ba shi shuɗi biyu ya ce ya ajiye a aljihun mota. Ya gaya masa in ya yanke a hanya ya sa ɗaya, irin launinsa, ba wani ba. In na biyun ma ya yanke, kada ya sa na uku, kada ya naɗa waya: ya bar gurbin a buɗe, ya rage gudu, ya ƙarasa da fitilun asali, waɗanda tun farko ba a ɗora wa layinsu babban kaya ba, da safe ya kawo motar.